Lambatun da Ke Hawan Tudu

Jama'a, yau na tura keke daga Hanwa har gidan mai, ni da na shiga don a kai ni. Mai ya ƙare mana a tsakiyar titi, direban ya juyo ya dube mu, mu fasinja huɗu, ya ce, "To iyayena, kowa ya kawo gudummawa." Muka sauka muka tura. Da muka isa, layin motoci ya miƙe har inda ido ba ya kaiwa, mai gidan man kuma yana ta rantsuwa cewa tankarsa tana hanya tun shekaranjiya. Na saɓa jakata na ƙarasa Sabon Gari da ƙafa, rigar da matata Lucia ta goge mini ta jiƙe sharkaf da zufa. Duk wannan saurin kuwa ba biki za ni ba. Takardar tuhuma za ni amsawa a ofishin manyanmu.

Shekara talatin da uku ke nan ina koyar da lissafi, saura biyu in ajiye alli in koma gona. A duk tsawon shekarun nan ko katin gaisuwar Kirsimeti ban taɓa samu daga sama ba, sai ga shi an tuna da ni. Laifina babba ne, ba zan ɓoye muku ba. An koya mini abu, ni kuma da wautata na je na aikata shi.

Ga yadda aka yi. A farkon damina aka tara mu, malamai kusan ɗari biyu, a zauren wani otal a Sabon Gari, taron bita na kwana uku. Sunan taron ya fi ƙyallen da aka rubuta shi a kai tsawo, sai da aka cusa wutsiyarsa ta taga: horar da malamai kan koyar da kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi ta hanyar warware matsala. Daga makarantarmu, wadda ke can bayan Samaru, mu biyu aka tura, ni Malam Gregory da Malama Keziya mai koyar da kimiyya, mace mai ƙaramin jiki da kaifin baki.

An ce mu hallara ƙarfe takwas na safe. Ƙarfe biyu na rana muka ji jiniya, sai ga Mai Girma Mai Almakashi. Ko ba ku san shi ba kun san irinsa, kowace unguwa tana da nata. Mutum ne da Allah ya hore wa baiwar yanka ƙyalle. Duk inda aka ɗaura zare tsakanin sanda biyu, to yana nan tafe. Ya hau mumbari ya fara da yi mana nasiha kan muhimmancin kiyaye lokaci. Daga nan ya yi alkawarin nan da 'yan shekaru yaran Samaru za su riƙa ƙera jirgin sama da hannunsu. Muka tafa har tafinmu ya yi ja. Keziya ta raɗa mini, "Malam, a ba su bencin zama tukun, in ya so su ƙera jirgin a zaune."

Rana ta biyu ta Babban Masani ce, wanda aka ɗauko daga can birnin manya da kwat da majigi. Bawan Allah nan ya tsaya awa huɗu cur yana bayani, bai sha ruwa ba, bai bari kowa ya yi tari ba, yana nuna mana cewa malamin zamani ba ya wuce minti goma yana magana a gaban aji. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Majigi ya mutu, fanka ta tsaya, janareta ya ƙi tashi. Malaman kimiyya ɗari biyu da masanin warware matsala guda muka zauna muna fifita da takardun taro, muna jiran a kira wanda zai kira mai gyara. Sai da matar da ke dafa abincin otal ɗin ta gaji da jin tsakinmu, ta fito da ludayi a hannu, ta buɗe makunnin mai da aka manta a rufe, ta ja igiya sau ɗaya. Ba a ba ta takardar shaida ba.

Da rana aka zo aikin hannu. Aka raba mu rukuni-rukuni, aka ba kowane rukuni ledar taliya ɗaya da salatif, aka ce mu gina gada. Tamu ta ɗauki gorar ruwa guda kafin ta karye. Rukunin da ke kusa da mu ba su gina komai ba, sun ce taliyarsu ta ɓace, ni dai na ga jakar wata malama ta yi ƙiba. Sannan aka shigo da wani babban kwali mai hoton mutum-mutumin inji a jikinsa, aka ce irin kayan da za a raba wa makarantu ke nan. Keziya ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, a buɗe mana mu gani mana."

Masani ya dube ta kamar ta nemi ya cire wando. "Haba Malama! Mako mai zuwa kwalin nan zai je taron wani gari. In muka buɗe, su kuma su ga me?"

Muka jeru aka ɗauke mu hoto da kwali. Rana ta uku aka raba takardun shaida. A tawa an rubuta Gloria. Har yau Lucia tana tambayata wace ce.

Amma in faɗi gaskiya, don ni ba mai cin haƙƙi ba ne, a cikin awa huɗun nan Masani ya faɗi magana ɗaya da ta tsaya mini a rai. Ya ce kada mu riƙa kawo wa yara matsala daga littafi. Mu bar su su dubi abin da ke damun unguwarsu, su auna, su lissafa, su nemo mafita da kansu. Na rubuta a bayan takardar taro. Ina jin shi kansa bai lura ya faɗa ba.

To mu a makarantarmu ba sai an fita neman matsala ba, ita ke biyo mu har aji. Shekara biyu da suka wuce aka gina mana lambatu, daga bakin ajujuwa zuwa babban kwalbatin titi, aka kafa allon dutse mai sheƙi a gefensa. Tun daga ranar, ruwan da a da yake bin bayan katanga ya wuce abinsa, sai ya koma shigowa aji uku. Da hadari ya haɗu, yara saba'in da huɗu za su kwashe jakunkuna su haye benci, ni in naɗe wando in riƙe takalmi a hannu, darasi ya tashi. Bara mun yi asarar makonni a haka, littattafai suka ruɓe a kabad, kuma bana waɗannan yaran ne za su rubuta jarrabawar fita. Mun kai kuka sama sau uku. Amsar da ta dawo ita ce sauyin yanayi ne, duk duniya ake fama.

Keziya ce ta fara. Muna tsaye a kan benci ɗaya wata Talata, ruwa na wucewa ƙarƙashinmu da bawon rake, ta ce, "Malam, ga aikin taliya ya zo da kansa. Mu ba yara su gano dalili."

Na ce, "Malama, saura mini shekara biyu. Ki bar ni in fita lafiya."

Ta ce, "Su kuma saura musu wata nawa?"

Haka na amince. Da yamma na tarar da maƙwabcina Baba Adebayo a ƙofar gida yana wanke cebur. Birkila ne, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa daɗi, kuma jikarsa tana makarantarmu. Na kwashe labarin taro na faɗa masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, kwana uku a otal, don a gaya muku yaro da hannu yake koyon aiki? Ni ubana bai yi minti biyu ba ya fahimtar da ni, har yau kunnen nan ba ya ji sosai."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani dogon siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa. Ya ce in cika shi da ruwa. Ko ina aka kai bakinsa biyu, ruwan da ke ciki a tsayi ɗaya zai tsaya. Sai a auna daga bakin ruwan zuwa ƙasan lambatu a nan, a auna a can, a ga inda ya fi zurfi. "Ruwa ba ya karɓar gaisuwa, Malam," in ji shi. "Abin da ya gani shi zai faɗa."

Jama'a, abin da na gani a makon nan ban taɓa gani ba tun da na fara aiki. Muka raba yara rukuni takwas, suka kafa turaku a kowace mita biyar. Waɗanda suka saba barci a bayan aji su ne suka fi kowa rigima a kan wa zai riƙe tef ɗin awo. Yaran da in na rubuta ragewa a allo sai su kama ciwon ciki, ga su durƙushe a bakin lambatu suna ragewa, suna musu, suna cewa a sake. Keziya ta sa su zuba ruwa a kan katako suna karkata shi, don su ga yadda gangara ke aiki. Ni ko minti goman ban cika ba, ba wanda ke da lokacin saurarena.

Akwai wata yarinya, Lovelyn, wadda a shekara uku ban taɓa jin muryarta ba in ba a kiran suna ba. Ita aka ba aikin zana sakamakon a babbar takarda. Ranar Alhamis ta zo ta tsaya a gefen teburina tana murza yatsu.

"Malam, ina jin mun yi kuskure."

"Me ya faru?"

"Layin hawa yake yi. Ai sauka ya kamata ya yi, ko?"

Muka sake awo. Muka kuma sakewa, wannan karon Baba Adebayo na tsaye yana kallo, hannunsa a baya. Amsa ɗaya ce. Bakin lambatun da ke titi ya fi na makaranta tudu da santimita talatin da takwas. Wato gwanayen da suka gina shi sun tsara ne ruwa ya taso daga ajinmu ya hau tudu da ƙafarsa. Shi kuwa ruwa, da yake bai halarci taron bita ba, sai ya kwaso na titi da na kasuwa ya gangaro mana da shi. Dole a jinjina wa aikin nan. Ban taɓa ganin lambatun da ke aiki ba dare ba rana kamarsa ba, baya kawai yake yi.

Ana haka sai labari ya zo cewa tawagar manya za ta zagayo makarantu don ganin amfanin horon da aka ba mu. Shugaban makarantarmu, Mista Bernard, mutumin kirki ne mai tsoron Allah da tsoron ofis, ya ji cewa aji uku suna da aikin nunawa, murna ta kama shi. Ya sa aka shafa wa duwatsun harabar makaranta farar ƙasa. Abu ɗaya ya manta, bai tambaye mu abin da yaran suka gano ba. Mu kuma, Allah ya yafe mana, ba mu tuna masa ba.

Ranar ta zo, motoci shida. Mai Girma Mai Almakashi da kansa, cikin farar babbar riga da takalmi mai ɗaukar ido, masu kyamara a gaba, masu gyaɗa kai a baya. Aka shiga aji uku. Lovelyn ta fito da takardarta ta fara bayani. Ta nuna tiyo, ta nuna turaku, ta nuna layin da ke hawa. Mai Girma yana ta murmushi yana kallon kyamara. Da ta kai kan santimita talatin da takwas, sai ya ga dama ta samu. Ya buga ƙafa a ƙasa, ya ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Kun gani ko? Irin ɓarnar da muke yaƙi da ita ke nan! Wane sakarai ne ya yi wannan aikin? Wa ya karɓe shi?"

Mista Bernard ya fara tari. Ni na dubi silin. Lovelyn kuwa, yarinya mai ladabi, an yi mata tambaya dole ta amsa.

"Ranka ya daɗe, sunan yana jikin allon dutse a waje. Mun kwafo shi a shafi na biyu. In karanto?"

Wani daga cikin masu gyaɗa kai ya matso ya yi wa Mai Girma raɗa. Na ga murmushin ya sauka a hankali kamar tutar yamma. Shi ne ya yanka ƙyallen lambatun, sunansa ne a dutsen da manyan haruffa. Ya yanka da yawa, bawan Allah, ba zai iya tuna duka ba.

Ya gyara murya ya ce awon yara awon yara ne, ƙwararrun injiniyoyi sun duba aikin nan sun tabbatar. Bai rufe baki ba aka yi tsawa. Ban roƙa ba, Allah ne shaidata, amma ban kuma yi baƙin ciki ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Direbobi sun kai motoci can nesa gindin bishiya, ba halin fita. Minti goma sha biyar, sai ga ruwan ya leƙo ta ƙofa, jajaye, da ledoji da bawon rake da wani silifas ɗaya. Yara saba'in da huɗu suka haye benci a tare, ba gudu ba ihu, aikin da suka ƙware a kai. Manya suka tsaya suna kallon ƙafafunsu. Da ruwa ya taɓa takalmi mai ɗaukar ido, Mai Girma ya tattare babbar riga ya nemi wurin hawa. Wata yarinya daga baya ta ce, "Ranka ya daɗe, ba wannan ba, ƙafarsa uku. Matso nan kusa da mu." Haka ya tsaya kusan awa guda tsakanin yara biyu, riga a hammata, lambatunsa na kawo masa gaisuwa.

Ranar Asabar iyayen yara suka fito da cebur da diga. Baba Adebayo ya karɓi zane na biyu da yaran suka yi, na hanyar da za a juya ruwan, wanda ba a ba su damar nunawa ba. Ya duba, ya juya shi, ya ce, "Waɗannan sun fi wasu injiniyoyi masu hular kwano." Aka toshe bakin da ke kwaso ruwan titi, aka haƙa 'yar gajeruwar hanya ta bayan katanga zuwa tsohon kwari. Kafin la'asar an gama. Ranar Litinin aka yi ruwa mai ƙarfi, yara suka fara tattara jakunkuna don sabo, sai suka ga ƙofa a bushe. Na ci gaba da darasi da takalmina a ƙafa. Na juya ga allo na daɗe ina goge wurin da babu rubutu, don kada su ga idona.

Laraba takarda ta iso. Laifi huɗu: fitar da ɗalibai daga aji ba da izini ba, koyar da abin da ba ya cikin manhaja, auna kayan jama'a ba tare da takardar amincewa ba, da jawo wa babban baƙo jiƙewa. Mista Bernard ya ja ni gefe ya ce ana maganar mayar da ni wani ƙauye inda ko keke ba ya zuwa. Da Lucia ta ji, tuwon ranar ya ƙone. Keziya ta ce tare za mu, ita ta fara kawo shawarar. Na ce ta zauna, ita tana da sauran shekaru a gaba, kuma in aka kwashe mu duka biyu wa zai riƙe aji uku?

Shi ne yau na isa ofis da jiƙaƙƙiyar riga. Awa uku na yi a benci kafin a shigar da ni gaban Babban Mai Sa Hannu. Ya buɗe fayil, ya rufe, ya yi ajiyar zuciya. Sannan ya ciro wani littafi mai sheƙi ya turo mini.

"Buɗe shafi na huɗu, Malam."

Rahoton nasarar taron bita ne, har an buga an aika sama. Ga ni nan a hoto riƙe da tiyo, ga yarana a bakin sabuwar hanyar ruwa, an rubuta cewa wannan shi ne amfanin horon da aka ba malamai. A ƙasa ga Mai Girma tsaye a kan benci, riga a hammata. An rubuta: yana duba aikin daga sama.

"Ka ga inda ka saka mu," in ji Mai Sa Hannu. "In muka tura ka ƙauye, shafi na huɗu ya zama ƙarya. In muka yaba maka, wanda ke kan benci zai ji."

"To ranka ya daɗe, yaya za a yi da ni?"

"Ba za a yi komai da kai ba. Ka koma ajinka. Amma daga yau duk abin da ka ga an kafa wa allon dutse, kada ka auna shi."

Na yi godiya har ƙasa. Ina miƙewa ya ce in dakata, ya miƙo mini wata takarda. Ya ce manya sun lura barin malamai su zaɓi matsala da kansu yana jawo matsala. Saboda haka an kafa kwamiti, ya yi zama, ya fitar da jerin matsalolin da aka amince yara su warware, an ɗauko su daga ƙasashen da suka ci gaba, ba a canza ko wasali ba.

A hanya na buɗe. Ta farko a jerin ita ce yadda za a kwashe dusar ƙanƙara daga rufin makaranta kafin ta karya shi.

Don haka ina roƙon jama'ar Samaru da Hanwa da Zabi, duk wanda ya wayi gari ya ga dusar ƙanƙara a kan kwanon gidansa, kada ya taɓa ta, ya aiko a kira ni. Ina da ƙwararru saba'in da huɗu, kuma wannan karon da izininmu a hannu.